Da ɗan gari akan ci daji: yadda nake kai mutane kallon namun dawa daga Jos

Akwai wani tabo a tsakiyar kan kakana, mai faɗin tafin hannun yaro, wanda gashi bai sake tsirowa a kai ba har ya koma ga Allah. Muna yara a Gangare mukan kai yatsa mu taɓa, ya buge hannun ya ce gammo ne ya ci wurin. Ɗan alaro ne. Kafin jirgin ƙasa ya hawo Jos daga Zariya a 1914, a ka ake ɗaukar kuza a gangara da ita har Loko a bakin Binuwai, kuma duk ranar da wani Bature ya bushi iska ya ce zai shiga daji harbi, su ɗin dai ake tarawa. Wannan ya ɗauki tanti, wancan akwatin harsashi, wani kujerar zama, wani har bahon wanka. Ni kuma Allah ya sa abincina a sitiyari. Na fi shekara talatin ina ɗaukar baƙi daga Jos ina kai su gandun dajin Yankari da na Pandam, jefi-jefi har na Gashaka. Sana'ar kakana nake yi, mota ce kawai ta karɓi gammon.

Yanzu Turawan sun ja baya, sai yaranmu ke zuwa da waya a hannu suna nuna mini bidiyon Kenya, wai Baba safari muke so mu je. Nakan ce musu kalmar ma ba baƙuwa ba ce. Mutanen Suwahili sun aro ta daga Larabci, inda mu ma muka samo tamu safarar. Tafiya ce kawai. Abin da ya sa ta yi suna shi ne irin su tsohon shugaban Amurka, Theodore Roosevelt, wanda ya sauka Mombasa a 1909 ya ratsa daji har Khartum, shi da ɗansa suka harbe namun daji 512, ɗaruruwan 'yan dako na biye da su da kaya a ka. Sunansa ya shiga littattafai. Wanda ya ga sawun, ya ce a bi nan kada a bi can, shi ba wanda ya tambayi sunan ubansa. To ga yadda ake yin tafiyar a ƙasarmu, in za ka ji ta bakin jikan ɗan alaro.

Fara da kalanda, kada ka fara da aljihu. Da damina ciyawar Yankari takan fi mota tsawo, ruwa na ko'ina, dabba ba ta da dalilin fitowa inda za ka gan ta. Za ka ƙona mai ka dawo da hoton ganye. Daga ƙarshen Disamba abin ke fara kyau, amma in namun dawa kake so da gaske, ka jure zafin Fabrairu zuwa Afrilu. A lokacin tafkuna sun ƙafe, ciyawa ta kwanta, kowace dabba dole ta gangaro kogin Gaji ta sha. Mu mutanen Jos da muka saba da sanyi mukan ji kamar an tura mu tanda, amma ladan yana nan. Ka kuma guji ranakun Kirsimeti da sabuwar shekara da Sallah in ba hayaniya ka je nema ba. Tsakiyar mako ya fi.

Mota kuwa a duba ta tun jajibiri, ba da asubar tafiya ba. Mai tudu ake so, in da giyar taimako ya fi. Safaya biyu in ka samu, jak mai aiki da guntun katako mai kauri da za ka ɗora shi a kai, don jak a yashi nutsewa yake yi. Shebur, igiya mai ƙarfi, fanbel na ajiya, jarkar ruwa ta lagireto daban da ta sha. Ka cika tanki a Bauchi ko da allura na nuna maka rabi. Ka kira masaukin ka kama ɗaki, ka tambayi kuɗin shiga da na ɗan rakiya da na kyamara, don farashi ba ya zama wuri ɗaya. Sannan ka leƙa tashar Bauchi Road ka tambayi direbobin haya yadda hanya take a makon. Zamani ya canza, labarin hanya a bakin wanda ya bi ta jiya yake, kuma ni dai ba na yarda magariba ta same ni tsakanin gari da gari.

Ka bar Jos bayan sallar asuba. Naraguta, Babale, Tilden Fulani, sai gangara ta Toro, ka wuce Nabordo, dutsen Zaranda ya fito maka, kusan kilomita 130 ke nan ka shiga Bauchi. Daga nan ka ɗauki hanyar Gombe zuwa Dindima, inda gadar kogin Gongola take, ka saki babban titi ka yi kudu zuwa Mainamaji, ƙauyen da ƙofar gandun take. Mutane da yawa suna ganin ƙofa sai su ce an iso. Da sauran fiye da kilomita 40 kafin sansanin Wikki, inda masaukin yake, kuma a wannan tsakanin ne nakan rage gudu, in sa a kashe rediyo. Sau da dama a nan baƙona ke fara ganin gwambaza ko mugun dawa ya tsallaka titi da wutsiya a tsaye kamar eriya.

Gandun ba ƙarami ba ne, murabba'in kilomita 2,244. A 1956 aka keɓe shi, aka buɗe wa jama'a a Disambar 1962, gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 1991, ya koma hannun Jihar Bauchi a 2006. Ina kawo faɗin ne don ka san abin da kake tunkara. Giwayen da suka rage a ciki ba su wuce ɗari da wani abu ba, duk da haka suna cikin garke mafi girma da ya saura a Najeriya. Ka auna ɗari da 'yan kai a cikin wannan uban daji. In ba da wanda ya san inda suka kwana jiya ba, sai ka yi mako kana zagaye.

Shi ya sa duk abin da na faɗa a baya sharar fage ne. Tafiyar gaba ɗaya tana wuyan ɗan rakiya. Doka ma ba ta yarda ka shiga ba tare da ma'aikacin gandu ba, amma bin doka daban, sanin darajar mutum daban. Na ga masu kuɗi sun tura shi bayan mota tare da kula da jarkoki, su suka zauna gaba da tabarau. Kuskure ne. Gaba ake ba shi, gefen direba, inda zai ga ƙasa. Ka gaishe shi gaisuwa ta sosai, ka tambayi garinsu da iyali, ka ba shi ruwa kafin ka sha. Ayarin fatake na da can suna da madugu, amma suna da jagaba, kuma madugu da duk dukiyarsa ba ya gardama da jagaba a kan hanya. Ko Barth, Bajamushen nan da ya shigo Kano a 1851 yana kiran kansa Abdulkarim, ai da ayari ya yi ta tafiya, da rakiyar sarakuna, da yara irin su Dorugu waɗanda suka san harshe da halin mutane. Baƙo ko da ido makaho ne.

Wanda ya koya mini daji wani dattijo ne daga ƙauyukan gefen gandun, tsohon maharbi da ya ajiye baka ya karɓi kakin gwamnati. Baba kawai nake ce masa, shi kuma ya ce mini ɗan Jos. Yana da wata 'yar jaka ta tsumma cike da toka a aljihun gaba. In muka tsaya sai ya fito da ita ya kaɗa sau ɗaya, ya kalli inda tokar ta nufa. Giwa ba ta da ido sosai, hanci ne da ita da kunne, saboda haka in iska na ɗaukar warinka tana kai mata, ka gama ganinta ke nan. Wata safiya, wajen ƙarfe bakwai, ya ɗaga hannu na taka birki. Ya sauka ya tsuguna gaban wani tulin kashi kamar ƙwaryar tuwo, ya fasa shi da tsinke, ya kara bayan hannunsa. Ya ce, "Ɗan Jos, da ɗumi. Ko rabin awa ba su yi ba." Ya tono wani ƙwallo daga ciki ya nuna mini, na giginya ne, ya ce to daga fadama suke, kuma ga reshen marke nan da aka karya, ruwansa bai bushe ba. Ya dubi sawu ya ce akwai jariri, don ga ƙaramin sawu yana faɗawa cikin babba. Duk wannan a wurin da ni ban ga komai ba sai turɓaya.

Abin da ya biyo baya shi ne darasin da nake so ka riƙe. Mun same su a gindin wata tsamiya, sun kai goma sha biyar. Baba ya ce in juya motar tukuna, hancinta ya kalli hanyar fita, kada in kashe inji. Baƙon da na ɗauko, wani matashi mai kyamara kamar bututun murhu, ya ga jaririn ya fito fili sai ya buɗe ƙofa ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa. Uwar ta juyo. Ta buɗe kunnuwa kamar an shanya tabarmi biyu, ta girgiza kai, ƙura ta tashi daga bayanta, ta yi wata ƙara da na ji ta a cikin haƙorana. Baba bai ɗaga murya ba. Ya miƙa hannu baya ya damƙi wuyan rigar yaron ya jawo shi ciki, ya ce mini, "Tafi a hankali. Kada ka yi ham, kada ka yi gudu." Ƙafata na rawa a kan totur muka sulale. Da muka yi nisa ya ce wannan gargaɗi ne ta yi, mai shirin taka ka ba ta tsayawa wasa da kunne, naɗe hanci take yi ta sunkuyar da kai ta taho. Tun daga ranar, kafin in tayar da mota nakan gaya wa kowa: ba mai buɗe ƙofa sai ɗan rakiya ya ce, ba mai shiga tsakanin uwa da ɗanta, ba mai tsayawa a kan hanyar da dabba ke bi zuwa ruwa. Haka ɓauna. Garke ba ya ba ni tsoro kamar tsohon bijimi guda da ya ware, yana kwance a inuwa carki na bisa bayansa.

Fita biyu ake yi, da sassafe da kuma bayan la'asar. Da rana tsaka kowa na inuwa, kai ma ka nemi taka. Ka sa kaya masu ruwan ƙasa ko kalar ganye, masu dogon hannu. Baƙi da shuɗi kuwa ka bar su a jaka, don ƙudan tsando na bin su kamar an aike shi, kuma cizonsa yana ratsa riga. Turare ma ka haƙura da shi. In kana da madubin hangen nesa ka riƙo, ya fi maka babbar waya amfani, musamman ga tsuntsaye, tunda an ƙirga fiye da iri 350 a gandun. Ranar da ba a ga giwa ba, burtu na nan yana takawa kamar alƙali, ga gwanki, ga kanki, ga mazo a bakin kurmi, ga kada ya baje a yashi. Zaki kuwa kada wanda ya yi maka alkawarinsa. Sun yi ƙaranci ƙwarai. A shekaruna duka, ganin da na yi masa bai cika yatsun hannu ɗaya ba, sai dai gurnani da dare.

Gwaggon biri kam ba sai ka nema ba, shi zai neme ka. Na sansanin Wikki sun san leda, sun san kula, sun san yadda ake murɗa hannun ƙofa. Na taɓa ajiye burodi da soyayyen naman da uwargida ta ƙulla mini a kan kujera, na bar gilashi a sauke kamar faɗin hannu, na je alwala. Na dawo na tarar da wani ƙato a kan bonet yana ɓare takardar a natse, yana kallona kamar ni ne na zo roƙo. Kada ka ba su abinci, kada ka ci a fili, kada ka bar yaro da leda a hannu, ka kulle ɗaki ko fitsari za ka.

Da yamma ka gangara ruwan Wikki. Daga ƙarƙashin dutse yake ɓuɓɓugowa, garau har kana ganin yatsun ƙafarka a kan farin yashi, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina. Ba ni da abin ƙari a kansa, shiga kawai za ka yi.

Amma ruwan sha daban. Ka zo da naka, ko ka tafasa. Mutanenmu na jin tsoron zaki su manta da sauro, alhali tarihin masu shiga daji ciwo ne ya fi cinye su. A 1904 wani sojan Ingila mai son tsuntsaye, Boyd Alexander, ya taso da tawaga da jiragen ruwa biyu na ƙarfe da ake kwancewa a ɗauka a ka, suka yi sansani a Ibi a bakin Binuwai, suka nufi tafkin Cadi da niyyar ɓullewa kogin Nilu. Kafin shekarar ta ƙare zazzaɓi ya kashe ƙaninsa Claud a Maifoni, kusa da Maiduguri. Abokin tafiyarsu Gosling shi ma ciwo ya ɗauke shi a 1906. Da bindigoginsu da komai, ba dabbar da ta taɓa su. Saboda haka gidan sauro, maganin shafawa, maganin zazzaɓi da likita ya rubuta maka, gishirin zawo, da takalmi rufaffe saboda kunama da maciji. Ka kakkaɓe takalmin da safe kafin ka zura ƙafa.

Sai batun mutane, wanda a nan ne 'yan birni suka fi ba ni kunya. In ka ce wa ɗan rakiya ya kai ka kogunan Marshall, za ka ga ɗakuna 59 da aka fafe a jikin dutse, ga rijiyoyin Dukkey fiye da ɗari, ga tsofaffin matoyar tama. Sunan Baturen da ya ba da labarin kogunan a 1980 aka laƙaba musu, amma hannun da ya fafe su ba nasa ba ne. Dajin da kake kira daji garin wasu ne tun kafin a haifi kakanka. Haka aka yi a 1986, jaridu suka cika da labarin wai an gano mutanen Koma a duwatsun Alantika, cikin tsohuwar Jihar Gongola, sai ka ce allura ce ta ɓata. Mutane na zaune a gidajensu, suna noma, suna cin kasuwa da maƙwabta.

To idan tafiya ta kai ka ƙauye ko ruga, ko a gefen Yankari ne ko a tsaunukan Gashaka ko nan bayan Jos, ga yadda ake yi. Ka fara da gidan mai gari ko ardo, ka faɗi ko kai wane ne da abin da ya kawo ka. Ka riƙo goro da sukari da ganyen shayi, ka miƙa wa babba, shi ya san yadda zai raba. Kada ka tsaya a mota kana watsa wa yara alewa kamar kana ba kaji tsaba. A ruga ka tsaya daga nesa ka yi sallama, ka jira a fito, karnuka ma su san da kai. Kada ka tambayi Bafulatani yawan shanunsa, kada ka nuna su da yatsa kana ƙirgawa, kada ka matsa wa mace ta faɗi sunan mijinta ko na ɗanta na fari. In an kawo nono ka karɓa da hannu biyu ko kurɓi ɗaya ne ka yi. In aka ce wancan kurmin ko wancan dutsen ba a shiga, ba a shiga ɗin ke nan, ko addininka bai yarda da dalilin ba. Ba wa'azi ka zo ba.

Hoto kuwa sai da izini, kowane mutum da nasa izinin. Na taɓa kai wata baƙuwa wata ruga, ta ga wata yarinya na tatsa, ta ɗaga kyamara ƙyat ba ko sannu. Mahaifin ya taso da sanda a kafaɗa, bai zagi kowa ba, ya dube ni ya ce, "Direba, in na zo gidanka na tarar da 'yarka a madafa, haka zan yi?" Sai da na tuɓe hula na tsuguna. Muka yi kusan awa ana ba da baki, a ƙarshe shi da kansa ya tara iyalinsa, suka sa kayan ado, ya ce to yanzu a ɗauka. Da na koma bayan wata biyu na kai masa hoton a wanke, ya sa aka kama mini zakara.

Kuma ka iya bakinka a kan maganar farauta. Kai giwa abin kallo ce a wurinka. Manomin da ta shiga gonarsa cikin dare ɗaya ta share dawar shekara, wani suna yake kiranta da shi. Toron giwa na iya cin abin da ya kai kilo 150 a yini, ka ga kuwa gonar talaka ba ta kai masa karin kumallo ba. Ka saurara tukuna. Abin da ke hannunka shi ne kada ka sayi naman daji, ko fata, ko haure, ko ɗan biri a ɗaure, komai arha. Duk abin da ka saya yau, ka yi odar na gobe ne.

Wanda aljihunsa bai kai Yankari ba, kada ya zauna. Gandun namun daji na Jos, wanda aka kafa a 1972 zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, yana nan cikin gari, ya isa ka koya wa yara yin shiru da kallo. Dajin Amurum a Laminga kuma masana tsuntsaye daga ƙasashen duniya suke zuwa, akwai cibiyar bincike a wurin, ka nemi izini kafin ka je. Gashaka Gumti, wanda ya fi kowane gandu girma a ƙasar nan, sai ka ware mako guda da ƙafa mai ƙwari, don ta Serti ake shiga kuma yawancin tafiyar a ƙasa ce, da 'yan dako kamar zamanin kakana. In ka je, ka ɗaga kayan da kanka ka ji nauyinsu kafin ka ɗora wa wani, a kuma yanke lada tun kafin a tashi.

Ranar komowa ka sallami ɗan rakiya a hannunsa, a keɓe, ban da abin da ka biya a ofis. Ka rubuta sunansa da lambarsa, in ka sa hoton giwar a Facebook ka ce wane ne ya nuna maka ita. Ka bar Wikki kafin ƙarfe goma, ka duba tayoyi a Mainamaji saboda ƙaya, ka tsaya Bauchi ka ci masa da miyar taushe. Rigar sanyin da ka cusa a ƙasan jaka ka fito da ita tun a nan, don da ka fara hawan Tilden Fulani za ka neme ta.